GABA HUƊU NE IYAKAR INJIN BAN RUWA

Kowace shekara, da zarar ɗari ya wuce bazara ta kunno kai, akwai wata magana da a kan ji a bakin masu lambu na Dogon Daji da ƙauyukanta, har zuwa fadamun ƙasar Kebbe. Maganar kuwa ita ce, "Injina ya rage ƙarfi." Injin da ya ke cika fangali nan da nan a watan Disamba, a watan Maris sai a tashe shi ya yi ta ruri, ruwan yana fitowa guntu-guntu, can kuma ya ɗauke. Manomi ya ɗaure shi a bayan babur ya kai wa makanike, a sake fulogi, a wanke kafireta, a komo da shi bakin rijiya, jiya i yau. Ga albasa ta soma ƙwai, ba ta jimre ƙishirwa. Sai ya sayar da rago, ko ya ci bashi, ya kama hanyar Tambuwal ko Jega ko Sakkwato.

"Alhaji, ina son wanda ya fi nawa ƙarfi."

"To, Malam, ai sai mai inci 3. Wannan ko daga ina ne ya jawo maka."

A yi ciniki, a kawo sabon inji, shi ma ya kasa. Sa'an nan sai a koma zargin mai kanti, ko a ce an shigo da jabu, ko a ce wani ne ya sa hannu a gonar.

Galibi kuwa injin farko lafiyarsa lau. Ruwan ne ya yi ƙasa, ya wuce iyakar da aka yi wa kowane famfo mai zuƙa. Iyakar nan a lissafi ƙafa 34 ce, watau mita 10 da 'yar ɗoriya. A bakin rijiya kuwa ba ta wuce ƙafa 25, watau wajen mita 7 da rabi, ko kuwa gaba huɗu a awon masu haƙar rijiya. Babu kuɗin da zai sayi ƙari a kan wannan. Ya kamata kowane manomi, da kowane mai sayar da inji, da kowane malamin gona ya san dalili, gama rashin saninsa yana cin dukiyar talakawa kowace rani.

Hanyar gane dalilin mai sauƙi ce ga wanda ya taɓa zama gaban wanzami. Wanzami ya kan kafa ƙaho a bayan mutum, ya sa baki ya zuƙe iskar da ke ciki, ya toshe 'yar kafar. Nan take fata ta kumburo cikin ƙahon, ƙahon ya kama gam. Mutane su kan ce ƙaho ne ke ja. Amma me ke cikin ƙahon da zai ja? Ai abin da ke ciki ma an fitar da shi. Gaskiyar al'amari, iska tana da nauyi. Tana danne kowane abu a doron ƙasa, a kan kowane murabba'in inci da nauyin laba 15 ba kaɗan, watau a faɗin tafin hannun babban mutum nauyin ya kusa na buhun gero. Ba a jinsa ne domin yana dannawa ta ko'ina daidai wa daida, ciki da waje. Sa'ad da wanzami ya rage iskar cikin ƙaho, sai ta waje ta fi ƙarfi, ta danne ƙahon a jiki, ta turo fata da jini zuwa wurin da babu mai tare su.

Haka sirinjin malamin asibiti ya ke shan magani, haka zuga-zugin maƙeri su ke cika idan an ɗaga su. Haka kuma injin ban ruwa ya ke aiki. Abin da ya ke yi shi ne ya rage iskar cikin tiyo, ya bar gurbi. Iskar duniya da ke danne ruwan ƙarƙashin ƙasa ita ce ke turo shi ya hau tiyon. To, tun da ya ke iskar ce ke turi, ruwan ba zai hau ba sai gwargwadon ƙarfinta. Ƙarfinta kuwa ya ƙare a ƙafa 34. Ko da an zo da inji mai girman motar tirela, iyakar abin da zai iya shi ne ya kwashe iskar tiyon duka. Bayan wannan babu sauran abin kwashewa.

Ba yau aka fara karo da wannan iyaka ba. Tun a shekarar 1206 wani gwanin ƙira Musulmi, al-Jazari, wanda ya yi aiki a fadar Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya zana famfo mai zuƙa a littafinsa na injuna. Bayansa da shekara ɗari huɗu, masu gyaran famfo na ƙasar Italiya suka tabbatar wa masani Galileo cewa kome kyan famfo, ruwa ba ya wuce wani tsawo, ya kuwa rubuta haka a 1638 ba tare da ya kai ga ainihin dalili ba. Almajirinsa Torricelli ne ya warware matsalar a 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ta sauko ta tsaya a inci 30. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi da 'yan kai. Akawu ya ɗauki alƙalami ya ninka: inci 30 sau 13.6 ya ba da inci 408, a raba da 12, ƙafa 34 ke nan cif. Nauyin iskar da ya riƙe zaiba shi ne ya ke riƙe ruwan rijiyar Dogon Daji.

Wanda ya nuna wa duniya ƙarfin nan ƙiri-ƙiri shi ne Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, wanda ya ƙera famfon zuƙar iska na farko wajen 1650. Ya sa aka yi masa kwanoni biyu na tagulla, ya kifa ɗaya a bakin ɗaya, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawaki takwas nan, takwas can, suka ja suka kasa raba su. Da ya buɗe 'yar kafa iska ta shiga, kwanonin suka rabu da kansu. Ƙahon wanzami ke nan, sai dai an yi shi babba.

Me ya sa to ba a samun ƙafa 34 ɗin a fadama? Na ɗaya, babu famfon da ke kwashe iska duka. Na biyu, ruwa yana gogar jikin tiyo, kowane lanƙwasa kuma yana cin nasa rabo. Na uku, iska ta kan rage nauyi idan an hau tudu: a Jos famfo ya kan yi asarar ƙafa 4 ko fiye, a ƙasar Tambuwal asarar wajen ƙafa 1 ce. Akwai kuma na huɗu, mai ban mamaki. Idan aka rage wa ruwa dannin iska ƙwarai, ya kan tafasa ba wuta. Injin da aka matsa wa ya zuƙo daga nesa, ruwan da ke bakinsa ya kan soma ƙananan kumfa, su shiga ciki su fashe. Shi ne ƙarar nan da a kan ji kamar an zuba tsakuwa cikin injin. Kumfan nan suna cin ƙarfe, shi ya sa a kan kwance inji a tarad da farfelarsa ta yi ramuka kamar gara ta ci, alhali ba yashi ba ne.

Famfunan da ke aiki da gurbin iska iri-iri ne, amma hanyoyinsu ba su da yawa. Akwai masu ɗiba su zubar, watau su buɗe ɗaki iska ko ruwa ya shiga, su rufe, su matse shi waje. Mai fistan yana cikinsu: famfon keke ne aka juya masa bawul. Famfon taka-taka ma haka ya ke, wanda aka fara yi a ƙasar Bangaladash wajen 1980, ya zo ya sami karɓuwa a Jamhuriyar Nijar har aka raɗa wa wani irinsa suna Niyya da Ƙoƙari. Ba ya shan mai, sai tuwon mai taka shi, amma iyakarsa ita ce dai ta injin fetur. Akwai mai tantanin roba da ke lotsawa yana komowa, irin wanda ke cikin waɗansu famfunan feshi na goyo. Akwai mai 'yan faifai da ke juyawa cikin gwangwani suna sharar iska, shi ne wanda mai gyaran firji ya ke jonawa ya kwashe iska kafin ya ɗura gas, irinsa ne kuma a cikin injin tatsar madara, da wanda ke taimakon birki a motoci da yawa masu shan gas. Akwai wanda ruwa ke zagayawa cikinsa kamar zobe yana kama iska, a kan same shi a manyan masana'antu. Masu yin sukari su kan dafa ruwan rake cikin tukunya rufaffiya da aka rage wa iska, domin ya tafasa da 'yar wuta kada ya ƙone. Mai mazarƙwaila da ke dafa nasa a buɗe ya san yadda launi ya ke komawa. Can ƙoli kuma akwai na ɗakunan bincike, waɗanda ke korar 'yar iskar da ta rage ɗaya-ɗaya. Da irin na wani Bajamushe, Sprengel, na 1865 aka sami kwashe iskar ƙwan lantarki na farko. Waɗannan ba ruwan manomi da su.

Na fadama shi ne mai farfela. Farfelar tana juyawa da gudu, tana wurga ruwa gefe kamar yadda yaro ya ke wurga dutse da majajjawa, sai tsakiyarta ta zama gurbi, ruwan tiyo ya taso ya cike. Gwani ne wajen yawan ruwa, amma rago ne wajen iska, gama iska ba ta da nauyin da za a wurga. Shi ya sa tilas a ɗura masa ruwa kafin a tashe shi, shi ya sa kuma 'yar huda kamar ta allura a tiyon zuƙa ta kan kashe masa aiki. Hudar tiyon turi kowa yana ganinta, domin ruwa na tsartuwa. Ta tiyon zuƙa ba ta zubar da kome, iska ta ke sha a ɓoye. Injuna da yawa da aka ɗora wa laifi, laifin na tsohuwar robar da aka naɗe bakin tiyo da ita ne, ko na bawul ɗin gindi da yashi ya hana rufuwa.

Ai kuwa yawancin noman rani na zamani a ƙasar Sakkwato a kan wannan inji aka gina shi. Kakanni da jigo su ke ban ruwa, guga ɗaya-ɗaya, lambun mutum bai wuce abin da ƙarfinsa zai iya ba. Daga 1982, sa'ad da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na jihar da taimakon Bankin Duniya, aka shiga kafa rijiyoyin bututu a fadamu ana ba manoma ƙananan injuna. Shirin Fadama na ƙasa da aka amince da shi a 1992 ya faɗaɗa abin, Sakkwato da Kabi suna cikin jihohin farko. Alherin da aka samu ba ya musantuwa: albasa, da tumatir, da tattasai, da shinkafar rani, da samarin da suka bar tafiya cin rani. Amma dabarar duka tana tsaye ne a kan sharaɗi guda, watau ruwa ya kasance kusa. Shekara ta yi ƙarancin ruwan sama, ko rijiyoyi su yi yawa a fadama guda kowa na zuƙa, sai ruwa ya sauka, sharaɗin ya warware.

A nan ne babban inji ya ke ƙara ɓarna. Rijiyar bututu tana da gwargwadon ruwan da yashi ya ke tatso mata. Da an tashi inji, ruwan cikinta ya kan sauka ƙasa da inda ya kwana. Mai inci 3 ya fi mai inci 2 haɗama, saboda haka ya fi saurin saukar da shi, ya kai shi inda babu mai iya ɗaukowa. Manomi ya ba da kuɗi ya sayi abin da zai ƙara masa wahala, ya ƙara shan mai. Man kuwa ba na da ba ne. Da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma komo ba. Injin da ke zuƙowa daga kusa da iyakarsa yana shan mansa cikakke, ya ba da ruwa kaɗan.

Abin yi na farko ba ya cin ko kwabo: awo. A sami igiya, a ɗaura mata ɗan ƙarfe, a shafe ƙarshenta da alli ko toka, a zura cikin bututu, a fitar a ga inda ta jiƙe. Abin da a ke nema shi ne nisa daga bakin injin zuwa fuskar ruwa, a miƙe. Mutane da yawa su kan ruɗe a nan, su ce rijiyarsu gaba bakwai ce amma inji yana ja. Zurfin bututu daban, inda ruwa ya tsaya a cikinsa daban. A auna da safe kafin a tashi inji, a sake aunawa da sauri da zarar an kashe shi bayan ya yi aiki. Awo na biyu shi ne na gaskiya. Kuma awon da ya fi amfani shi ne na watan Afril, lokacin da ruwa ya fi nisa. Wanda ya auna a kaka ya faɗaɗa lambu a kan wannan, ya yi lissafin dokin rano.

Idan awo ya nuna gaba biyu ko uku, inji kuma ya ƙi, a nemi huda, a duba bawul, a gajarta tiyon zuƙa, a miƙar da shi. Idan ya kusa gaba huɗu, sai a kusantar da injin ga ruwa. Waɗansu manoma sun daɗe da gane wannan: su kan haƙa rami a gindin bututu, su yanke bututun, su saukar da inji ciki. Kowace ƙafa da aka sauka riba ce, domin turi ba shi da irin iyakar zuƙa. Sai dai a yi ramin mai faɗi da gangare don kada ya rufta, kada kuma kowa ya zauna ciki inji na aiki. Hayaƙin fetur yana taruwa a rami, yana kisa ba tare da mutum ya ji alama ba. Saukar da inji cikin rijiya mai zurfi, a bi shi a ciki, ganganci ne da rai.

In ruwa ya wuce wannan duka, lokacin famfo mai zuƙa ya ƙare a wurin, sai a koma ga masu turowa daga ƙasa. Famfon tuƙa-tuƙa na cikin gari, irin India Mark II, yana fid da ruwa daga ƙafa 150, domin fistan nasa yana can ƙasa cikin ruwa, doguwar sanda ce ke motsa shi. Haka sumo, wanda a ke zurawa cikin burtsatse ya yi aiki da lantarki ko da hasken rana. Kuɗinsa na farko da nauyi, yana kuma bukatar bututu mai faɗin da zai shiga, amma maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kai. A lura kuma, ba kowane famfon sola ne sumo ba. Wanda a ke ajiyewa a bakin rijiya, ko da rana ce ke juya shi, iyakarsa gaba huɗu ce. Haka injin da aka mai da shi mai shan iskar gas: an sake masa abinci ne kawai.

Masu kanti suna da nasu alhaki. A jikin kwalin kowane inji, ko a takardarsa, akwai lambobi biyu na tsawo. Babbar, mita 20 zuwa 30 ko sama, ita ce jimlar hawan da ya ke iya yi wa ruwa, yawancinta kuwa turi ne. Ƙaramar, mita 7 ko 8, ita ce ta zuƙa. Duk wanda ya nuna wa manomin da bai iya karatun boko ba babbar lamba ya ce daga nan injin ya ke jawowa, ya cuce shi, ko da sani ko ba da sani ba. Da mai kanti zai ajiye igiya mai ƙulli a kowace gaba, ya fara tambayar mai saye, "Malam, ruwanka gaba nawa ne a bazara?", da ya yi asarar cinikin babban inji ɗaya ko biyu, ya sayar da tiyo da bawul maimakonsu, ya kuma riƙe mutumin shekara da shekaru.

Malaman gona kuwa, aikin da ya fi dacewa da su shi ne littafi. A zaɓi rijiya biyu ko uku a kowace fadama, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal, zuwa bakin gulbin Zamfara a ƙasar Kebbe, a riƙa auna su ranar ɗaya ga kowane wata, a rubuta. Bayan shekara uku littafin nan zai nuna inda ruwa ke sauka da inda ya ke tsaye, da fadamar da ta ɗauki rijiyoyi iya ƙarfinta. Kafin hukuma ta sake raba injuna, sai a buɗe shi a ga wa za a ba mai zuƙa, wa kuma ya kamata a haɗa da maƙwabtansa a ba su sumo. A manna kwafinsa a ƙofar hakimi da ta dagatai tun watan Oktoba, kafin a yafa irin albasa.